Girkin gida, cin waje ko oda: wanne ya dace da abincin darenku?

Yawancin mutane ba sa zama su tsara inda abincin darensu zai fito. Sai yamma ta yi, an dawo a gajiye, ciki ya fara ƙugi, sannan wani ya ce, "Yau me za mu ci?" Daga nan sai ja-in-ja: a ɗora tukunya, ko a fita, ko a ɗauki waya a yi oda. Shawarar da aka yanke da yunwa a ciki kuwa kusan kullum ita ce mafi tsada.

Ana yawan maganar kamar hanya biyu ce, gida da waje. A gaskiya huɗu ne, kuma kowace da halinta: girkin kullum, girki mai yawa da ake ajiyewa a ci cikin mako, fita a zauna a gidan abinci mai sauƙin farashi, da kuma oda a kawo har ƙofa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bari mu fara da abin da za mu auna su da shi.

Ma'aunan

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin faranti ɗaya kawai ba. A haɗa da makamashi, da kuɗin zuwa da dawowa, da abin da aka saya ya lalace ba a ci ba.

Na biyu lokaci da wahala, tare da tambayar da ake yawan tsallakewa: a kan wa wahalar take? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya. Duk lissafin da ya ce girki "kyauta" ne, to bai tambayi mai girkin ba.

Na uku lafiyar jiki a dogon zango: gishiri, sukari, mai, da yawan abin da ake zubawa. Na huɗu haɗarin gurɓatar abinci, wanda shi yau-yau yake kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa kimanin mutum miliyan 600 ke kwantawa ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne ke ɗaukar kashi 40 cikin 100 na wannan nauyi.

Na biyar ɗorewa, ta fuska biyu: kwana nawa abincin ke yi, kuma wata nawa za ka iya riƙe tsarin kafin ka gaji ka watsar. Na ƙarshe zama tare, wato ko hanyar tana tara mutanen gida wuri ɗaya ko tana watsa su.

Girkin kullum

Masu gidajen abinci suna da wani lissafi da suka daɗe suna bi: kayan da ke cikin faranti su tsaya a kusan kashi 30 cikin 100 na farashinsa. Sauran yana tafiya ne ga albashi, haya, wuta, haraji da riba. Ma'ana, idan ka dafa irin wannan abincin da kanka, cefanen faranti uku zai iya fita daga kuɗin faranti ɗaya na waje. Ragowar kai ne ka biya shi da jikinka: kai ne kuku, kai ne mai wanke-wanke, kicin ɗinka ne hayar.

Amma wannan ribar tana da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne yawan baki. Wutar da za ta dafa shinkafar mutum ɗaya ba ta da nisa da wadda za ta dafa ta mutum biyar, yankan albasa ɗaya ne, wankin tukunya ɗaya ne. Duk bakin da ya ƙaru, kuɗin kowane kai yana sauka. A gidan abinci kuwa mutum biyar faranti biyar ne, babu ragi. Shi ya sa gida mai mutum biyar ko shida ba shi da abin da ya kai girki araha, amma mai zaman kansa shi kaɗai yakan yi lissafi ya ga tazarar ta matse. Ana sayar masa da ganye ɗauri guda alhali rabinsa yake buƙata, sauran ya yanƙwane.

Wannan yanƙwanewar ba ƙaramin abu ba ce. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a 2022, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, 28 daga wuraren sayar da dafaffen abinci, 12 daga shaguna. A gidaje kaɗai ya kama kilo 79 ga kowane mutum a shekara. Ni ma na sha cika kwando da kayan lambu ranar da zuciya ta yi niyyar gyara, bayan kwana biyar in kwashe rabinsu zuwa shara. Ranar da na fara lissafa su a cikin kuɗin girki, sai girman kaina ya ragu.

Ta fuskar lafiya, babbar ribar girki ita ce gwangwanin gishiri da kwalbar mai suna hannunka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, amma abin da mutanen duniya ke ci a matsakaici ya ninka haka har da ɗoriya. Wani bincike da masana na Jami'ar Johns Hopkins suka fitar a 2015 ya gano cewa manyan Amurka da ake dafa abincin dare a gidajensu sau 6 zuwa 7 a mako suna cin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 2,164 da sukari giram 119 a rana, waɗanda ake dafawa sau ɗaya ko ba a dafawa kuma suna cin kalori 2,301 da sukari giram 135. Tazara ce ta gaske, amma ba irin wadda masu wa'azin girki ke kururutawa ba. Kuma girkin gida ba ya zama lafiyayye don kawai a gida aka yi shi. Dunƙulen ɗanɗano, wato irin su magi, galibi kusan rabinsa gishiri ne; wanda ya jefa huɗu a tukunya sannan ya ƙara gishiri bai fi gidan abinci da komai ba.

Akwai kuma hayaƙi, wanda ba a cika sa shi a wannan lissafi ba. Fiye da mutum biliyan 2 a duniya suna girki da itace, gawayi, kananzir ko makamantansu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020 da gurɓatar iskar cikin gida. Idan murhunka mai hayaƙi ne kuma a rufaffen ɗaki, to masu ci suna samun lafiya, mai dafawa tana biya da huhunta.

Haɗarin gurɓata kaɗan ne idan an dafa an ci da zafinsa. Inda ake samun matsala shi ne wuƙa ko katakon da aka yanka ɗanyen kaza a kai aka koma aka yanka abin da za a ci ɗanye. Ɗorewa kuwa, nan ne raunin wannan hanya. Awa ɗaya kowane dare, da cefane da wanke-wanke, idan a kan mutum ɗaya ya tsaya, wata rana zai ajiye ludayin. Gidajen da na ga sun riƙe girkin kullum shekara da shekaru su ne waɗanda suka raba aikin: wanda ya dafa ba ya wanki, yaro ya tsince, babba ya yi cefane. Hannu da yawa, in ji masu magana, maganin ƙazamar miya.

Girki mai yawa a ajiye

Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace araha, domin tana haɗa ribar sayen kaya da yawa da ribar kunna wuta sau ɗaya. Ka ba da awa uku ranar hutu, ka sami dare uku ko huɗu da ɗumamawa kawai za ka yi. Ga mai zaman kansa, ita ce ke mayar masa da ribar da ƙarancin baki ya ƙwace, don ya mayar da kansa mutum huɗu a kwana huɗu.

Sai dai duk ginin a kan sanyi yake tsaye, don haka ƙa'idojinsa ba na wasa ba ne. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a wajen firji, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1. Kada a cusa babbar tukunya a firji yadda take, don tsakiyarta za ta daɗe da ɗumi; a raba a ƙananan mazubai marasa zurfi. A firji kwana 3 zuwa 4 ne iyaka. Abin da ya wuce haka a daskarar da shi tun ranar farko, ba ranar da ya fara canza ƙamshi ba. In an zo ɗumamawa, a ɗebi na ci kawai, a bari ya yi zafi har tsakiya yana tururi.

Shinkafa tana da nata sharrin na musamman. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da irinta ke tsallake dafuwa. Idan shinkafar ta huce a hankali a waje, sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma gubar ba ta mutuwa da ɗumamawa. Mutum ya ɗumama ta yi zafi ƙwarai, ya ci, cikin awa shida amai ya kama shi, yana ta zargin wani abu daban. Hukumomin lafiya na Ingila suna cewa a sanyaya ta cikin awa ɗaya kuma kada ta wuce kwana ɗaya a firji. Dabara mai sauƙi ita ce a ajiye miya da wake da nama da yawa, shinkafa ko taliya kuma a dafa sabuwa, tunda minti ashirin ne.

Idan wuta tana yawan ɗaukewa inda kake, ka san wannan: firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4, firiza cike kuma awa 48, mai rabi awa 24. Wanda ba shi da tabbacin sanyi, wannan hanyar ba tasa ba ce, komai arhar da take da ita.

Abin da ke kashe ta a yawancin gidaje ba cuta ba ce, gundura ce. Dare na uku da abu ɗaya, sai ka ga ido ya koma kan waya, mazubi na huɗu kuma ya kwana a bayan firji har ya yi gashi.

Fita a ci a gidan abinci

Tsada a bayyane take, kuma tana ninkuwa da yawan kai. Abin da ke kumbura takardar biya sau da yawa ba babban farantin ba ne, abin sha ne da ɗan abin taɓawa kafin abinci ya iso. Duk da haka mutane suna ƙara karkata can. A Amurka, kuɗin da ake kashewa kan abincin waje ya riga ya kamo na cefanen gida har ya wuce shi.

Lokaci kuwa, mutane suna ruɗin kansu. Shiri, hanya, jiran oda, jiran biya, dawowa: sau da yawa ya fi awar girki tsawo. Abin da ka saya ba lokaci ba ne, hutu ne. Kuma hutun na gaske ne. A teburin gida akwai wanda kullum yake tashi, ya ɗauko ruwa, ya duba wuta, ya ci nasa a tsaye ko bayan kowa ya gama. A gidan abinci wannan mutumin yana zaune kamar kowa. A ganina wannan ita ce babbar hujjar fita, kuma ba a cika faɗinta ba.

Lafiya tana hannun wani. Mai sayarwa yana son ka dawo, gishiri da mai da sukari kuma su ne hanya mafi arha ta sa ka dawo. Farantin ma yakan fi na gida girma, mutum kuma yana da halin cinye abin da aka ajiye masa, musamman idan ya biya. Wasu ƙasashe sun tilasta wa manyan gidajen abinci rubuta kalori a jikin jerin abinci, Amurka daga 2018, Ingila daga 2022, amma ƙananan wurare ba su shiga ba. Jagorar cin abinci da Brazil ta fitar a 2014 ta ba da shawarar da na ga ta fi amfani: idan za ka ci a waje, ka zaɓi inda ake dafa sabon abinci irin na gida kana zuba wa kanka, ka guji wuraren abincin gaggawa. Jagorar ta kuma ce a ci a zaune, a natse, tare da mutane.

Haɗarin gurɓata ya danganta da wurin, kuma ido yana iya gane abu da yawa. Wurin da mutane ke shiga da fita, abincinsa ba ya zama. Abin da aka dafa bayan ka yi oda ya fi wanda ke jiranka a tire tun rana, sai fa idan tiren yana tururi. Hannun da ke karɓar kuɗi kuma yake taɓa abinci, alama ce. Banɗaki ma alama ce, domin wanda bai kula da inda baƙi ke gani ba, ba zai kula da inda ba sa gani ba. Mai rashin jituwa da wani abinci, kamar gyaɗa, ƙwai, madara ko kifi, shi ne ya fi kowa shiga haɗari a nan, tunda cokali ɗaya da man suya ɗaya suna yawo tsakanin tukwane.

Oda a kawo gida

Ba abin da ya kai ta sauƙi, ba kuma abin da ya kai ta tsada. Manhajojin kawo abinci sukan karɓi kashi 15 zuwa 30 cikin 100 daga hannun mai gidan abinci, shi kuma sau da yawa ya ɗora a farashin da kake gani a waya. A kan haka ga kuɗin kawowa, ga kuɗin hidima. Ka biya fiye da wanda ya je ya zauna, ka karɓi abincin da ya fi nasa sanyi. Soyayye yana yin laushi a rufaffen mazubi, kuma awa biyun nan ta fara ƙirguwa tun daga kicin ɗinsu, ba daga ƙofarka ba. Ba ka ga wurin ba, ba ka ga hannun ba.

Haɗarinta na gaske shi ne sabo. Katin banki yana ajiye a manhaja, babu kuɗin da ka ƙirga da hannu, sai ƙarshen wata ka ga ramin. Wanda zai iya biyawa ta wurin ya karɓo da kansa a hanyar dawowa ya rage wa kansa wani ɓangare na wannan ƙarin.

| Ma'auni | Girkin kullum | Girki a ajiye | Fita a ci | Oda |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | ƙasa, yana sauka da yawan baki | mafi ƙasa | sama, kowane kai da nasa | mafi sama |
| Wahala | kowane dare | rana ɗaya mai nauyi | hanya da jira | kusan babu |
| Iko da gishiri da mai | cikakke | cikakke | kaɗan | kaɗan |
| Haɗarin gurɓata | kaɗan | ya dogara da sanyi | ya dogara da wurin | wurin da kuma hanya |
| Abin da ke rushe ta | gajiyar mai girki | gundura, ɗaukewar wuta | aljihu | aljihu da sabo |
| Zama tare | mai kyau, ban da mai girki | mai kyau in an zauna | mafi kyau | kowa da wayarsa |

Layin ƙarshen nan yana buƙatar bayani, don a nan ne ake cakuɗa abu biyu. Rahoton Farin Cikin Duniya na 2025, wanda ya yi amfani da tambayoyin kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup a ƙasashe 142, ya gano cewa yawan cin abinci tare da wasu yana nuna jin daɗin rayuwar mutum kusan kamar yadda kuɗin shigarsa ko samun aikinsa ke nunawa. Ya kuma nuna cewa a 2023 kusan Ba'amurke ɗaya cikin huɗu ya ci dukan abincinsa na jiya shi kaɗai, ƙarin kashi 53 cikin 100 daga 2003. Abin lura shi ne tambayar da aka yi wa mutane: sau nawa ka ci da wanda ka sani? Ba a tambaye su wa ya dafa ba. Gidan da aka yi girkin awa biyu kowa ya ɗauki kwanonsa ya shige ɗaki bai sami wannan ribar ba. Gidan da aka sayo, aka juye a faranti, aka kife wayoyi aka zauna, ya samu.

Wa ya dace da wanne

Gida mai mutum huɗu zuwa sama: girki, babu tantama, don lissafin bai ma kusa ba. Amma a raba aikin, kuma a ware dare ɗaya, a mako ko a wata gwargwadon ƙarfin aljihu, da za a fita don mai girkin ya zauna a kawo masa.

Ma'aurata biyu masu aiki da ke dawowa da dare: girki a ajiye na dare uku, sabon girki mai sauri na dare biyu, sauran a bar su a buɗe. Kada ku tsara dare bakwai, ba za ku cika ba, kuma cefanen daren da kuka fasa shi ne zai ruɓe.

Mai zaman kansa da firji mai aiki: ya dafa na mutum huɗu, ya ci ɗaya, ya sa ɗaya a firji, ya daskarar da biyu. Idan ba firji, kada ya ji kunyar cin waje. Wuri ɗaya mai tsafta da ciniki, inda aka san shi har zai iya cewa a rage masa mai, ya fi masa tukunyar da za ta kwana a waje. Kuma shi ne ya fi kowa buƙatar ya mayar da fitar tasa ta zama da aboki.

Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon ƙoda: girkin gida, domin shi kaɗai ne ke ba shi ikon auna gishiri da sukari. In ya fita, ya nemi gasasshe ko dafaffe, a kawo miya ko romo a gefe, ya sha ruwa. Mai rashin jituwa mai tsanani da wani abinci kuwa oda ta manhaja ce mafi haɗari gare shi, tunda babu wanda zai kalla ido da ido ya tambaya.

Mai juna biyu, tsoho, jariri da ya fara cin abinci, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni: sabon dafuwa mai zafi, ko daga ina ya fito. Su ne ya kamata a nisanta da tiren da ya daɗe da kuma mazubin kwana huɗu.

Gidan da ke cikin wani hali, ko jinya, ko sabuwar haihuwa, ko ƙaura, ko makon jarrabawa: a yi oda, kuma kada wani ya yi wa kansa faɗa. Idan ana so a rage kuɗin, a sayo abu mai wahalar yi kawai, kamar naman ko miyar, a dafa shinkafar a gida, a yanka tumatir da kokwamba a gefe. Minti ashirin ne, tukunya ɗaya ce, kuma abin da aka sayo wa mutum biyu zai ishi huɗu.